Sai an ga wata a sayi tikiti

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Paraku. Ina lafiyarki, da maigidanki, da 'yar Safiya? Yaya zafin Abijan? Mu nan duk lafiya, mun sha ruwa lafiya.

Kin san maganar tikitin filin wasan nan mai lilo da za mu je in mun zo wurinku bayan Salla, wanda ake buga masa rana. Kawu Isa ya zo daga Jugu da kalandarsa da ta nuna azumi ashirin da tara ne, ya ce a buga miki waya ki saya tun yanzu. Ni da ba na iya ɗaga kai gaban Baba, sai na ji bakina ya ce, "Baba, a bari a ga wata."

Kawu ya ce, "To, malamar littattafan soyayya ta yi fatawa!"

Yaya, ba a ga watan ba. Azumi ya cika talatin, tafiyarmu ta ja baya, da tikitin ya mutu a banza. Baba ya dube ni gaban kowa ya ce, "Rakiya ce za ta faɗi ranar."

Na faɗa: Alhamis ta biyu bayan Salla. Ki saya.

Ki gaida kowa, ki yi mini addu'a kada in rufe ido in lilon ya kai sama.

Ƙanwarki,
Rakiya