Inda Zan Tsayar da Husam

Asabar, 5 ga Nuwamba, 2022

Sun ci mu. Ba cin ne ya dame ni ba. 'Yan Alsahafa sun fi mu jiki, sun fi mu abinci, filinsu ma har da ciyawa. Abin da ya dame ni, sun gano Husam.

A zari-ruga irin tamu, ta mutum goma sha uku, in ƙwallo na hannun abokan gaba dole kowa ya shiga layi ya tare. Husam ne lamba bakwai ɗinmu, shi ke raba ƙwallo, shi ke ganin ƙofa a layi tun ba ta buɗe ba. Shekararsa sha tara, amma jikin kamar na ɗan sha huɗu. Bayan hutun rabin lokaci suka daina wahalar da kansu. Su miƙa wa ƙatonsu, wanda suke kira Lori, ya nufi Husam kai tsaye. Ba mugunta ba ce, ni ma da haka zan yi. Na ƙarshen, kan yaron ya bugi ƙasa har na ji ƙarar daga inda nake tsaye.

Ya tashi yana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Za su zo mana Umbadda, unguwarmu a Omdurman, ranar uku ga Disamba. Filinmu ƙasa ce da tsakuwa.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Ɗanlami nake ta gani. Haka ya faɗi a Kaduna muna wasa tare, shi ma ƙaramin jiki, shi ma lamba bakwai. Har yau yana ɗakin uwarsa ana juya shi.

Talata, 8 ga Nuwamba

An rufe gada saboda zanga-zanga, sai da na zagaya kafin na isa Omdurman. Ina cikin motar ina lissafi: in wuyan yaro ya karye a Umbadda ranar da gada take rufe, a me za a ɗauke shi? A raksha, keken nan mai ƙafa uku?

Na mai da Husam can gefen fili lokacin tsaro, na shigo da Idirisu mai tsaron gefen zuwa wurinsa. Haka ake ɓoye ƙaramin ɗan wasa ko'ina a duniya. Bai yi ba. Daga gefe ba ya ganin tsakiya, layinmu ya zama kamar awaki a bakin rijiya, kowa inda ya ga dama. Sannan da na sa aka buga ƙwallo sama ta wajensa, duk mai tsayi sai ya ɗauke ta a bisa kansa.

Bayan atisaye ya same ni. "Ya Kabtin, in ba ka so na ka ce in zauna. Can wurin masu kallo ne."

Na ce masa ba shi zai koya mini aiki ba. Gaskiya ce ya faɗa dai.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Shekara ta huɗu ke nan a garin nan. Da safe in koya wa 'ya'yan masu hali tsalle-tsalle a makaranta, da yamma in haye kogi don wasan da 'yan ƙwallon ƙafa ke tsayawa suna mana dariya. Waɗanda suka kawo ni da alkawarin kafa ƙungiya sun daina ɗaga waya tuntuni. Wa ya aike ni?

Juma'a, 11 ga Nuwamba

Bayan masallaci na zauna wurin Khadiga, uwar Husam, mai sayar da shayi da jabana, wato gahawa, a gindin bishiyar bakin fili. Hausarta irin ta kakanni, rabi Larabci. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai "yaron nan".

Ta ce, "Ustaz, yaron nan ya kwana biyu ba ya iya juya wuya. Shi kaɗai gare ni namiji. In aka sake kawo mini shi haka, halas, ya gama."

Ban yi mata musu ba. Na jera kofunan shayinta a kan benci na nuna mata: wannan Husam, wannan na damansa Idirisu, wannan na hagunsa, ta ciki, inda Lori ke fitowa, zan sa Hamuda. Hamuda ƙaninta ne, yana dakon buhu a kasuwa, shi ne mafi girman jiki a ƙungiyar. Shekara uku kawai ya ba Husam. Da can yana tsakiyar fili, sai na ja wani ya cike gurbinsa.

Ta kira shi ta ce, "Ka ji. Amanarka ce."

Ya ce, "To, Yaya."

Na dawo gida da ɗan sauƙi a ƙirji.

Talata, 15 ga Nuwamba

Tsarin ya zauna. Duk wanda ya nufi Husam da Hamuda yake karo. Atisayen ya yi shiru yau, ban san me ya sa ba. Na ɗauka gajiya ce.

Asabar, 19 ga Nuwamba



Wasan gwaji da yaran Dar Salam, waɗanda ba su kai Lori rabi ba. Hamuda ya matsa ta ciki da yawa, ƙofa ta buɗe tsakaninsa da Husam. Na ga Husam ya gan ta, ya gan ta kafin ni ma. Kalma ɗaya ce, "matso", shi ke nan. Ya buɗe baki ya rufe. Sai ya jefa kansa cikin ƙofar, gwiwar mai gudun ta same shi a gefen kai.

Ya kwanta bai motsa ba.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na riƙe kansa da hannu biyu ina ihu kada kowa ya taɓa shi. Na ce motsa yatsun ƙafa. Shiru. Na sake cewa. Sai babban yatsan ya motsa ta hujin takalminsa. Allah na gode maka. Kunne ne ya tsage, sai jiri. Khadiga ta je biki Alsahafa, ba ta gani ba.

Da ya zauna na zazzage masa. Na ce aikinka ke nan, baki! Makon jiya har daga bakin titi ana jin muryarka, yau wa ya ɗinke ta?

Ya sunkuyar da kai. "Kawuna ne, ya Kabtin."

Na ce to sai me?

"Yaya zan daka wa kawuna tsawa a gaban mutane? In ce masa matso, koma, tashi? Ko sunansa ban taɓa kira ba."

Hamuda na tsaye yana kallon ƙasa shi ma. Da yana tsakiya, nesa, wasu ne ke ba shi umarni. Ni na ɗauko shi na ajiye shi a kafaɗar yaron, na rufe bakin da ke tsare mu duka. Ni da har kawuna ya rasu ban ɗaga ido na dube shi ba. Na zo da tsarin Turawa a kai na manta 'ya'yan wa nake jerawa.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Matata Ni'imatu ta kira daga Kaduna. Ta ce yara na tambaya, in dawo ƙarshen shekara, me nake tsare a can. Na ce zan duba.

Talata, 22 ga Nuwamba

Likitan unguwa ya ce ya huta kwana goma. Khadiga ta ga kunnen. Shayin ma 'yarta Shahd ta aiko ta kawo.

Mafi sauƙi in cire shi ranar uku ga wata. Ba wanda zai zarge ni. Amma shi ya fara zuwa filin nan, shi ya tattaro sauran gida-gida, kuma laifin ranar Asabar nawa ne. In na cire shi, don tsorona na cire shi.

In kuma na sa shi, ya zama Ɗanlami?

Hamuda ya ce ya yafe, Husam ya yi masa tsawar. Na sa suka gwada a tsaye ba ƙwallo. Muryar ta fito kamar ta mai roƙon gishiri. "Kawu, don Allah, ko za ka ɗan…" Kafin ya gama, ai da Lori ya wuce ya sha ruwa.

Juma'a, 25 ga Nuwamba

Yau ina ɗaure ragar ƙwallaye na ji Husam na zagin Idirisu kan takalmi. "Jaki, ɗan bawan gidanmu." Idirisu na ramawa, "Wada, a aljihu zan sa ka." Kowa na dariya, har Hamuda. Na tambaya, aka ce taubasai ne, Idirisu ɗan goggonsa ne. Su zagi juna har gaban liman ba komai.

Na tara su ukun. Na ce tsayuwa na nan yadda take, Husam a tsakiya. Amma daga yau Husam ba ya magana da kawunsa a fili sam. Da Idirisu kaɗai zai yi. In ya ce "jaki", Idirisu ne zai motsa. In ya ce "Malam Idirisu", Idirisu ya tsaya inda yake, Hamuda ne zai yi abin da aka ce.

Idirisu ya ce, "Wato zagin nawa, girman na wani?"

Hamuda ya ce, "Ni ba wanda ya umarce ni. Ji kawai na yi ana magana."

Laraba, 30 ga Nuwamba

Muryar ta dawo. Har ta yi yawa. Mun kwashe tsakuwa a bokiti har magariba, ba ta ƙarewa.

Juma'a, 2 ga Disamba

Ban iya cin ful, dafaffen waken safe, ba. Na gaya wa Ɗahiru, mai jiran canji, ya zauna kusa da ni gobe. Da zarar Lori ya taɓa Husam shi kaɗai, sau ɗaya, zan cire shi. Na rantse wa kaina. Na kuma roƙi wani mai raksha ya tsaya bakin fili, na cire ƙyauren ɗakin ajiya na jingine a bayan bishiya. Ban gaya wa kowa cewa na ɗaukar wanda ya karye ne ba.

Asabar, 3 ga Disamba

Sun ci mu da maki biyu.

Tun farko suka sako Lori. "Malam Idirisu, matso!" Hamuda ya rufe ƙofar, suka yi karo har ƙura ta tashi. Suka sake. "Malam Idirisu, sauri mana, kana barci ne!" Ban taɓa jin an yi wa kawu irin wannan tsawa cikin ladabi haka ba. 'Yan Alsahafa na ta kallon Idirisu, shi kuwa ko gezau. Da suka juya ta waje: "Jaki, naka ne!"

Sai kusan ƙarshe. Hamuda ya yi kamu bai samu tashi da wuri ba, Idirisu na riƙe da nasa mutumin. Lori ya karɓi ƙwallo, babu kowa a gabansa sai yaron. Na ga gwiwoyin nan na tahowa. Na ji wani na ihu, "Ƙasa! Kai a gefe, kama idon sawu!" Ashe ni ne.

Ya yi ƙasa. Kan a gefe, yadda muka yi ta yi. Lori ya zube kamar an sare shi.

Husam ya ɗan jima a kwance. Sannan ya miƙe yana tofar da ƙasa, ya waiwaya inda kawunsa ke ɗingishi. "Malam Idirisu, in ka gama hutawa layi na jira."

Ɗahiru ya riga ya miƙe ya cire riga. Ya dube ni. Na ce zauna.

Khadiga ta tsaya duk wasan da buta a hannu, ba ta zuba wa kowa ba. Bayan an tashi ta kama kan yaron ta juya shi hagu da dama, ta duba kunnen, ta sake shi. Ta kawo mini jabana da kanta. Ta ga ƙyauren a bayan bishiyarta, ta dube ni, na kau da kai.

Lahadi, 4 ga Disamba

Tsoron na nan, ba inda ya je. Ban mai da ƙyauren ba, a can zai zauna.

Za mu sake haɗuwa da su a Janairu. Yanzu sun san Malam Idirisu, sai an sake dabara. Husam dai yana nan a wurinsa.

Na gaya wa Ni'imatu sai bayan ƙaramar Sallah. Ta ce me ya canza. Na ce ba komai, tsakuwar gefen hagu ce ba mu gama kwashewa ba.