Gyaɗar Mairama

Hotoro, Kano
6 ga Maris, 1983

Zuwa ga Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa Taura lafiya ke da Mairama. Ya gajiyar hanya? Rabi na gaishe ki, ta ce har yanzu tana jin nauyin a ce 'yar mijinta ta zo Kano ta kwana a gidan maƙwabta.

Na rubuto ne in maimaita miki maganar likita, don na lura ran nan hankalinki ba ya jikinki. Kin dai gani da idonki, ya ba ta gyaɗa, ya zaunar da mu tun hantsi har la'asar, ko ƙurji ɗaya bai fito mata ba. Ya ce wasu yaran haka suke, borin jinin gyaɗa yakan sake su in sun tasa. Ashe ƙuli-ƙulin da ta ci bisa kuskure cikin kwaɗon zogale a gidan suna ba sa'a aka yi ba, sauƙi ne Allah ya kawo. Sai dai ya ja kunnena sosai. A riƙa ba ta cokali ɗaya sau uku a mako, ba fashi, in ba haka ba abin yana iya dawowa. In ta yi wata uku a haka lafiya, ya ce ba abin da zai hana ta zama a gidana.

Yaya, kin san inda wannan magana ta taɓa ni. Wata biyu da rasuwar uwarta Zainab na taso daga aiki, na ɗauke ta ban wanke hannu ba, ta tsotsi yatsana. Ta kumbura har numfashi ya nemi gagarar ta. Ke kika zo kika goya ta kika tafi, yau shekara bakwai. Ni ina matse man gyaɗa a kamfani a Bompai, Rabi na suyar ƙuli a tsakar gida, ko tabarmar ɗakina warin gyaɗa take yi. 'Yata tana shekara tara ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ita ba.

Don Allah ki fara ba ta wannan makon. Zan riƙa aiko da wasiƙa ta hannun Idrisu direba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Tijjani

Taura
27 ga Maris, 1983

Zuwa ga Tijjani,

Amin alaikumus salam. Mun iso lafiya, muna gaishe ku kai da Rabi.

Ka ce hankalina ba ya jikina. To ina zai zauna, ina kallon wani mai farar riga yana ɗura wa yarinya abin da na shekara bakwai ina gadin bakinta a kansa? Likitan naka ya ce a ba ta, amma bai faɗa maka yadda ake buɗe bakinta ba.

Na dama kunun gyaɗa, tun daga zaure ta ji warin ta juya. Na sa 'yar kaɗan a miyar taushe, ta yi loma ɗaya ta ture kwanon ta kwana da yunwa. Na sayo soyayya na ɓare mata ƙwaya uku, ta riƙe a hannu tana kuka har suka jiƙe. Ta ce warin yana tayar mata da zuciya, kuma yana maƙale mata a dasashi. Ta tambaye ni, "Gwaggo, ba ke kika ce in na ci zan mutu ba?"

Me zan ce mata? Ni na faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Ni na koya mata in mai tallar gyaɗa ta yi sallama ta shige ɗaki. Duk Taura an san hannuna a ƙuli da mai, amma ranar da na shigo da ita gidan nan na ba da kaskon suyata, na koma saƙar faifai da ba na ko so. Yanzu kuma ni ɗin ce zan tsaya gabanta in ce jiya guba, yau abinci. Kai da ke zaune a birni lissafin wata uku bai yi maka wuya ba.

Zan ci gaba da gwadawa, amma kada ka sa rai da yawa.

Yayarka, Atika

Hotoro, Kano
5 ga Yuni, 1983

Zuwa ga Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, na iso gida lafiya, na gode da ɗawainiya.

Saƙonki uku a jere duk magana ɗaya ce, ta ƙi ci. Shi ya sa na roƙi helma, shugabanmu a wurin aiki, hutun kwana biyu na zo da kaina. Da na san abin da zan gani, da na yi zamana.

Na yi yadda na saba. Na yi wanka da sabulu a gidan maƙwabcinki Malam Sule kafin in shigo, na sa rigar nan da kike ajiye mini a akwati, wadda ba ta taɓa zuwa Kano ba. Duk da haka daga bakin ƙofa ta durƙusa ta gaishe ni. Na miƙa mata hannu, ta dube ki kafin ta dube ni. Na ce, "Mairama, ba za ki ɗanɗana ko ƙwaya ɗaya ba saboda Baba?" Ta kai hannu ta rufe baki da hanci, ta ruga waje. Yaya, wannan abu ya ci mini rai. A mota na yi ta shinshina hannuna kamar wani taɓaɓɓe. Na gane ba gyaɗar kaɗai take ƙyama ba, har da ni, don ni da gyaɗa wari ɗaya muke yi a hancinta.

Na yi tunanin barin aikin. Na je Sharada wurin masu saƙa, na je Challawa wurin masu jima, ko'ina sallamar mutane ake yi, ba ɗauka ba. Rabi ta ce ita za ta bar suya in hakan zai sa a kawo Mairama, har ta gyara mata gado. To in ta bar suya, ni fa da na shekara goma sha huɗu a bakin inji, man ya shiga har ƙarƙashin farcena?

Ki daina matsa mata. Ba na so ta riƙa tuna ni da kuka. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ƙaninki, Tijjani

Taura
24 ga Yuli, 1983

Zuwa ga Tijjani,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, da fatan an sha ruwa lafiya.

Wasiƙarka ta yi mako bakwai a ƙarƙashin matashina. Na yi azumi da ita a wuyana, ban san ko Allah ya karɓa ba. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Mairama tana cin gyaɗa tun farkon Afrilu. Litinin, Laraba, Juma'a, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba, kuma lafiyarta ƙalau. Wasiƙata ta farko gaskiya ce, sauran saƙon duk ƙarya na yi maka.

Ba dabarata ce ta sa ta ci ba. Tambayata ta yi me ya sa ake son dole sai ta ci, na ce don ta koma wurin babanta. Kashegari ta ɗauko kofin kunun da kanta, ta toshe hanci ta shanye, hawaye na zuba, tana kakarin amai tana haɗiyewa. Har yau ba ta son sa. Duk ranar sha sai ta daɗe tana kallon kofin. Ni kuwa da na ga ta shanye, maimakon in yi hamdala, sai tsoron rabuwa da ita ya kama ni. Allah bai ba ni haihuwa ba, mai gidana ya rasu, ita kaɗai ce ke amsa mini in na yi magana a gidan nan.

Ranar da ka zo, ni na ce mata ta tsaya nesa kamar kullum, kada ta faɗa maka, mu bari wata uku su cika mu ba ka mamaki. Hannun da ka ga ta kai baki ba warinka take gudu ba. Dariya ce ta cika ta, tana tsoron kada maganar ta kuɓuce mata. Da ka tafi ta yi ta tsalle tana cewa, "Gwaggo, bai gane ba ko?"

Jiya ta ce, "Gwaggo, ai watannin sun cika, yaushe za mu ba shi mamakin?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Na cuce ka, na sa yarinya ta taya ni ba ta sani ba. Ka yi duk abin da ka ga dama.

Yayarka, Atika

Hotoro, Kano
31 ga Yuli, 1983

Zuwa ga Yaya Atika,

Amin alaikumus salam. Na karanta a ƙofar kamfani kafin a buga jiniyar fara aiki, na shiga ban san abin da hannuna ke yi ba.

Na yi fushi kwana biyu, ba zan ɓoye miki ba. A na uku na tuna lokacin da kowa ke cewa yarinyar ba za ta yi rai ba, ke kaɗai ce ba ki ce ba. Na yafe miki duniya da lahira.

Ina son 'yata, amma ba zan zo in ɓamɓare ta daga jikinki ba. Ke kika ɗauke ta daga ɗakin nan. In za ta dawo, ke za ki kawo ta, ranar da kika iya. In ba ki iya ba, ba za ki ji wata magana daga bakina ba. Abu ɗaya kawai, kada a fasa ba ta.

Ƙaninki, Tijjani

Taura
21 ga Agusta, 1983

Zuwa ga Tijjani,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya bayan na kawo maka Mairama. Ka yi haƙuri da na tafi tun tana wurin ɗibar ruwa da Rabi, ba zan iya sallama ba ne.

Ka gaya wa Rabi ta sa tsamiya da yawa a kunun, kuma ta bari ya huce, ya fi shigar mata. Kada a tsaya a kanta, kunya take ji a ga tana kuka. A ajiye kofin a fita, za ta sha. Bayan ta gama a ba ta ruwa da ɗan dabino. Tana cewa ta ƙoshi tun ba ta ƙoshi ba, a ƙara mata tuwo ba sai an tambaye ta ba.

Ka ce za ku zo da babbar sallah. Kai ka zo, ita ka bar ta sai ta saba, ko da shekara ce. In ta tambaya ka ce ina lafiya. In ta shigo gidan nan yanzu, Tijjani, ba zan iya ba ka ita sau biyu ba.

Allah ya raya ta.
Yayarka, Atika