Ragar Murhun Agashe

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zafin Jidda? Yaya Hajiya Rabi da yara? Mu nan unguwar Sahafa lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Tsatsa ta cinye ragar murhun gas ɗin da nake gasa tsiren agashe. Jiya wani dattijo da ya daɗe yana saye a wurina ya tsinci ɓarɓashin ƙarfe a nama, ya ajiye ya tafi. Sau biyu ina zaga kasuwar Omdurman neman wata ragar. Duk wadda aka rantse mini ba ta tsatsa, da na kara mata maganaɗisu sai ya manne. Fenti ne kawai.

Wadda ka aiko bara ta gaske ce, amma na ce taƙi huɗu, ka auna da shirgegen hannun nan naka. Ta yi yawa, Inna ke shanya kuɓewa a kai.

Sallah ta matso, ka taimaka ka aiko mini wata. Ga zare cikin ambulan, shi ne tsawon ragar, zuwa ƙullin da na yi masa kuma faɗinta. Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a. Don Allah zaren za ka bi, ka bar hannun nan ya huta.

Ƙaninka,
Haruna