Gilashin Isuhu a Idona

Zuwa ga Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta wanda kika bari shekara shida, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Na rubuto ne don babu sauran mai sauraron mitata a gidan nan. 'Ya'yanki amsarsu ɗaya ce, wai in gode wa Allah.

Kin san yanar da ta fara rufe mini idon dama tun kina raye. Watan jiya aka cire ta, aka dasa mini ɗan gilashi a ciki. Sai dai ba nawa aka dasa ba.

A asibitin an auna idon kowa, aka jera gilasan bisa tsarin layi. A gabana akwai wani Isuhu, mutumin Damagaram, direban tirela a Bompai. Ya ga furfurata, ya miƙe ya ce, "Baba, ku wuce gaba." Na wuce, ko sannu ban ce masa ba. Babu wanda ya duba kati, babu wanda ya tambayi sunana. Aka sa mini nasa, aka sa masa nawa.

Ni, Rabi! Ni da na yi shekara ashirin ina duba ingancin yadi a masaƙar Sharada, ina mayar da bandir guda saboda zare ɗaya ya kauce. Masaƙar ta zama wurin ajiye buhuna, ni kuma idona bai kai darajar bandir ba.

Yanzu ina ganin zanen tafin hannuna tar, amma mai gaishe ni a ƙofar masallaci sai ya yi magana nake gane shi. Tabaran da suka ba ni, mai kaurin gindin kwalba, ciwon kai kawai ya ƙara mini. Likita ya ce sai an sake buɗe idon an canza gilashin, kuma in aka daɗe yakan manne, cire shi ya zama kasada. Idon hagu kuwa kin san ya daɗe da mutuwa.

Mai irin wannan aikin sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma a wannan zuwan mutum ɗaya kawai zai ɗauka cikinmu. Isuhu an karɓe masa makullin mota saboda idon, iyalinsa tara suna zaune. Amma jiya a asibiti sakaran ya durƙusa, wai wannan karon ma ni zan fara. Na daka masa tsawa a gaban jama'a har nas ta leƙo.

Da na dawo gida na tuna yadda kike zuba mini shayi kina cewa, "Malam, girman kai rawanin tsiya ne." Ban taɓa amsa miki ba. Da safen nan na koma, na tsaya har na ga an rubuta sunan Isuhu, na sa aka karanta mini katin sau biyu.

Ina jin tsoro, Rabi. Ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya ba Isuhu idonsa. Nawa kuma, Allah Ya sa kada ya manne kafin wata mai zuwa.

Mijinki,
Malam