An Ce Na Ƙone, Wai In Je In Huta

Malama mai shawara, ki taimake ni da mutanen wurin aikinmu, don na ga alamar so suke su kore ni da murmushi. Ni ban yi boko ba. Ɗiyata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya, tunda ita ma bakinsu ɗaya.

Ni mai guga ne a wani kamfanin wanki da ke karɓar kayan otal da na asibiti. Tun ana zuba gawayi a dutsen guga nake wurin, tun mai kamfanin na yanzu yana yawo da gajeren wando yana ɓuya a kwandon zannuwan gado. Ban taɓa fashi ba, ban taɓa zuwa hutu ba. Ranar da aka haifi wannan mai rubutun ma sai da na gama tulin rigunan likitoci na je na ga fuskarta. Ga ta nan tana harara ta, amma gaskiya ce.

Da yaron ya gaji ubansa sai abubuwa suka canja. Aka ɗauke kujerar da nake ɗan dangana ƙugu, wai zama na rage sauri. Aka kafa allo mai wuta yana nuna wanda ya fi goge kaya, sai ka ce dawakin tsere. Aka kawo na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa. Ni kuwa zafin dutse ya cinye zanen yatsana tuntuni, kullum na dangwala sai ta yi ƙara ta ce ba ta san ni ba, ni da na riga ginin zuwa wurin. In tsaya ina goga yatsa a goshi, na baya suna tsaki. Duk na shanye.

Abin da ya kawo ni shi ne sabuwar jami'ar kula da ma'aikata. Mai Murmushi muke ce mata, don ko gobara za ta sanar da kai haƙoranta na waje. Ta kira ni ofis, ta ba ni ruwan sanyi, ta ce wai ta lura na fara ƙonewa. Malama, mai guga ake gaya wa ƙonewa? Na ce ta kawo mini riga ɗaya tak da na taɓa ƙonawa. Ta ce ba kaya take nufi ba, ni ne na ƙone, wai haka ake kiran gajiyar aiki a karatunsu. Na duba hannuwana, tabon da ke jiki duk tsofaffi ne. Sai ta ce doka ta ba ni hutun shekara, in je gida in huta wata guda.

Ni fa na san ma'anar hutu. Abokina Dogo mai wanki haka aka ce masa ya je ya huta, ya dawo ya tarar da inji a inda bahonsa yake. Ko tsoho ya mutu ai cewa ake ya huta. Kuma akwai wani a cikinmu, Sarkin Sauri, wanda gaban riga kawai yake gogewa ya ninke bayan a ciki. Ya daɗe yana kallon teburina, don shi kaɗai ne a bakin taga. Ina fita zai baje a kai.

A gida ma an haɗe mini kai. Uwar yara ta ce na canja. Wai ba na cin abinci sai na shafe ledar tebur da tafin hannu ta kwanta. Wai da jikana ya yi zazzaɓi na lasa yatsa na taɓa goshinsa ina jiran in ji cas. Wai faɗa ya yi mini yawa. A wurin aiki kuma an ce an gan ni ina gyangyaɗi a tsaye, alhali ido kawai na rufe ina tunani. Hannuna yana ɗan rawa in rana ta yi, amma bai hana ni fitar da kari ba. 'Yan ƙungiyar ma'aikata su ma gaisuwarsu ta yi sanyi, wai duk wanda ya nemi hutu sai manya su nuna masa ni. To ni na aike su?

Kuma in na zauna gida me zan yi? Ban san inda ake ajiye cokali a gidana ba. Sababbin maƙwabta sun daɗe suna zaton uwar yara bazawara ce.

Ki gaya mini yadda zan ƙi hutun nan ba a ce na yi taurin kai ba. Kada ki ce in yi haƙuri, na sha na ƙoshi.

Naki, Dutse Ba Ya Gajiya

Baba, sannu da aiki, kuma a gaida mai rubutu, ta riƙe amana.

Bari in fara wanke ka: babu wanda ya ce ka ƙona riga. Mai Murmushi ta zaɓi kalma mafi muni da za a faɗa wa mai guga, amma abin da ta gani gaskiya ne. Gyangyaɗi a tsaye kusa da dutse mai zafi, rawar hannu, saurin fushi, ba ni na faɗa ba, daga bakinka suka fito. Rawar hannun nan ka kai ta likita ya duba.

Tsoronka kuma ba na banza ba ne. Wanda ya ga abin da ya sami Dogo dole ya ji tsoro, ai wanda maciji ya sara ko igiya ya gani sai ya gudu. Saboda haka kada ka tafi da baki kawai. Ka nemi a rubuta cewa hutun shekara ne, da albashinka, da ranar dawowarka kan aikinka. Ka tafi da wakilin ƙungiya ya zama shaida, ɗiyarka ta karanta maka kafin ka sa hannu. In sun yi ta kwana-kwana, ka san akwai lauje cikin naɗi, sai ƙungiya ta shiga maganar. Tunda za ku zauna, ka sa zancen kujera da na'urar da ba ta san ka ba. Waɗannan ƙorafi ne na gaskiya, shanye su ba jarumta ba ce.

'Yan uwanka ma'aikata su ma suna da hujja. Ba kai ka aike manya ba, amma da bayanka suke dukan na ƙasa. Ranar da ka karɓi hutu, ka ƙwace sandar nan daga hannun manya ke nan.

Teburin bakin taga ba zan yi maka alkawarinsa ba. Sai dai wata guda ya isa a juya rigunan Sarkin Sauri a ga bayansu.

Yadda za ka ƙi hutu kam ba zan koya maka ba. Kai da kanka, in dutse ya ɗau zafi da yawa, kana cire shi daga wuta ka tsayar da shi ya sha iska. Ba jefar da shi kake yi ba, so kake ya daɗe. Ka je gida ka nemo inda cokula suke, ka zauna a ƙofar gida maƙwabta su san matar nan da mijinta. In jika ya sake zafi, bayan hannu ake sawa.

Allah ya ƙara lafiya, Baba, ya sa hutu ne na mai dawowa.