Sa Hannunka Kaɗai Ya Rage

Zuwa ga Asger, mijina, hasken ranata a ƙasar da rana ke rowa, inuwar da na baro gidanmu don in fake a cikinta, zumar da na lasa har ta koma mini maɗaci.

Ina gaishe ka daga Malmö ta ƙasar Sweden, daga wannan gaɓar teku inda nake hango birninku Kopenhagen kamar mai ƙishi a bakin rijiya babu guga. Minti arba'in ne a jirgin ƙasa tsakanina da kai. Yau mako bakwai ke nan ba ka hau shi ba.

Ka tuna ranar da hukumar ƙasarku ta ce ban kai shekara ashirin da huɗu ba, don haka ba zan zauna da kai a Denmark ba? Ka tallafe fuskata a tasha, hannuwanka na ƙanshin katakon da ka wuni kana sassaƙa, ka ce, "Keto, share hawayenki. Mu kama ɗaki a Sweden. Shekara ɗaya ce, kamar gobe ne." Na yarda. Ina busasshiyar ƙasa ta taɓa gardama da ruwan sama?

Da farko kullum kake tsallako gadar tekun da baƙin burodi a jaka, kana yi mini dariya don na kasa furta sunan unguwarku. Sai ya koma Juma'a-Juma'a. Sai ya koma saƙon waya: aiki ya yi yawa, mama ba ta jin daɗi.

A watan Maris na cika ashirin da huɗu, ni kaɗai. Na koyi harshenku har na ci jarrabawa. Na kai hotuna, na dangwala yatsu, na miƙa fasfo. Fasfon yana hannun hukuma lokacin da babana ya rasu a garinmu, Telavi. Ta waya na kalli yadda aka binne shi a gefen gonar inabinsa, ina zaune a bakin gadonmu, gefenka babu kowa. Na haɗiye wannan, ban ɗora maka ba.

Ranar Alhamis na koma ofishin biza karo na uku. Matar da ke bayan gilashi ta juya takarduna, ta ce, "Naki duk sun cika. Shafin maigida ne har yanzu babu sa hannu." Sannan ta rage murya: "'Yar uwa, kin tabbata yana so ki zo?"

Na ce mata mura kake yi. Mura, Asger! Baƙuwa ta yi mini tambayar da na daɗe ina ɓoye wa kaina, ni kuwa na tsaya ina rufa maka asiri.

Shekara guda ina tsine wa dokar ƙasarku. Ashe da doka ta zare sakata, kai ne ka jingina da ƙofar ta ciki? Me na yi maka, sanyin idona? Wace iska ce ta kashe wutar da ka rantse ko ƙanƙara ba ta kashe ta?

Izinin zamana a nan zai ƙare ran sha tara ga wata. Idan har yanzu ni matarka ce, shafi na tara ne, layin ƙasa. Idan kuwa ka gaji, ka zo ka faɗa mini da bakin da ya yi alkawari. Kada ka bar takarda ta sake ni a madadinka.

Na nemi in tsane ka, wallahi na nema, zuciya ta ƙi ba ni haɗin kai. Ko nan aka bar ni, ko gida aka mayar da ni, ni taka ce har ƙasa ta rufe idona. Ba don ka cancanta ba. Don ban iya wani abu ba.

Matarka,
Ketevan