Sunana na Yanka

Matameye, daren Laraba, ƙarshen bazara

Yau ma hadari ya haɗo ya watse. Na wuni a layin rabon dawa. Da aka zo kaina, sojan da ke kiran sunaye ya ɗaga murya, "Iyalin Isufu." Na miƙa buhuna.

Da magariba na ji a rediyo labarin wata 'yar Japan ta shekara dubu da suka wuce. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya, ta shiga hidimar fada, ta rubuta dogon littafin da har yau ake karantawa. Amma wai ba wanda ya san sunanta na yanka, sai laƙabi.

Na faɗa wa Inna, surukata. Ta ce, "To, 'yar nan, ai mutunci ke nan."

Wataƙila. Ita dai ta bar littafi. Ni tun da gero ya ƙone maigidana Isufu ya tafi Kano, ban ƙara jin sunana a bakin kowa ba. Shi kaɗai ke faɗinsa, a ɗaki, ƙasa-ƙasa.

Ɗazu na rufe ƙofa na ce, "Zainabu." Wallahi sai na ji kamar wata ake kira.